Sunan Fergus

Ɗana Fergus ya rasu ya bar littafi guda da ya rubuta a jami'a, a kan yadda littattafan labari ke nuna sha'awar maza. Karatuna bai kai in gane shi ba. Malamarsa ta bugo waya daga birnin Adelaide, wai tana so a buga shi.

Mijina Merv ya ce, "A buga me? So kike a yi min dariya a kasuwar tumaki? Su cire sunanmu, su sa wanda suka ga dama."

A wajenmu, tunkiyar da ba ta da shaida a kunne ta kowa ce, shaidar ma sai an yi mata rajista. Na ɗauka littafi ma haka yake. Na naɗe shi cikin tawul, na tuƙa mota zuwa ofishin da muke rajistar shaidar dabbobi. Doreen ce a bakin tebur, tare muka taso. Da na ce mata rajistar littafi na zo yi, ta kwashe da dariya.

"Ke Noelene, a wane kunnen zan huda shi?"

Da ta ga sunan da ke kai, dariyar ta tsaya. Ta zuba min shayi, ta kira wani lauya da ta sani, ta dawo.

"Ya ce a ƙasar nan ba a yi wa littafi rajista. Tun ranar da Fergus ya rubuta shi ya zama nasa. Wa ya bar wa kayansa?"

"Ni."

"To ƙawata, ke ce ofishin."

Na daɗe a cikin mota ban tayar ba. Na so in koma gida da hatimin gwamnati, in ce wa Merv doka ce ta sa sunan, ba ni ba. Ga shi babu wanda zan ɓuya a bayansa.

Daga nan na kira malamar. Na ce a rubuta Fergus Tregenza, cikakke, har da sunan ubansa.

Da na faɗa wa Merv bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kofinsa ya koma rumfar askin tumaki, har yau a can yake shan shayi.

Littafin ya iso ta gidan waya da sanyin hunturu. Sunan na nan a bango, da manyan baƙaƙe. Na karanta shi da ƙarfi a kicin, ni kaɗai.