Ƙafar Motar Mati

Mati ya sayi motar ne a birnin Madani, a hannun wani Bagirike da ya gaji da ita, zamanin da ake ginin madatsar ruwa a Rusayris. Tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, sai ta yi tari ta ƙoshi kafin ta tashi, amma a duk ƙauyen Hausawan nan da ke bayan Wad Haddad babu wata sai ita. Da ita ake kai dawa kasuwa, kuma da ita ya yi alkawarin kai mahaifiyarsa, Inna Maijidda, Madani ran Asabar, inda ayarin maniyyata zai shiga jirgin ƙasa zuwa bakin teku.

Alkawarin kuwa ba ƙarami ba ne. Inna ta baro ƙasar Sakkwato a ƙafa ita da mijinta, Malam Abdussalami, Mati yana goye a bayanta, da niyyar Makka. Suka yada zango a yankin Jazira don su tsinci auduga kaka ɗaya su sami guzuri. A cikin kaka ɗayar nan aka binne malam, Mati ya yi gemu, Inna ta yi jikoki. Amma har gobe in ka ce mata ta zama 'yar gari, sai ta harare ka ta ce ita bisa hanya take.

To, ga tafiya ta zo, sai ƙafar motar ta baya ta hagu ta ce ba da ita ba. Da fashewa ta yi gaba ɗaya da an huta. A'a, sacewa take yi a hankali, ba ƙara ba huci. Mati ya ba ta iska da safe ta yi tam, kafin azahar ta fara laushi, kafin la'asar ta durƙusa kamar raƙumin da ya ga kaya. Tayar safaya kuwa babu, don tun bara ya yanka ta aka yi takalma.

Abin ya faro ne daga ƙusar da ya taka a hanyar garin Hajj Abdalla. Ya ɓanɓare gefen taya a tsakar gida, ya zaro tub, ya kai bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, ya tsoma har ya ga inda kumfa ke tashi. Ya kankare, ya shafa sholisho, ya liƙa faci. Aiki ya yi kyau, kowa ya shaida. Amma tun daga ranar tayar ba ta sake kwana da cikinta ba.

Babu abin da bai gwada ba. Ya tofa yawu a kan bawul, ba kumfa, duk da haka ya sauya shi. Ya goge tsatsar bakin ƙarfen da tayar ke zama a kai. Ya bi bayan tayar da ido da farce yana neman ƙaya, bai sami ko tsinke ba. Duk sanda ya koma tur'a sai ya tarar da sabon huji ɗan mitsitsi, ya toshe, ya dawo da fara'a, gobe a maimaita. Dattawan gindin bishiya suka ce baki ne. Mati ya ce in baki ne, me ya hana shi kama sauran ƙafafun uku?

Gaskiyar magana, tsoro yake ji. Jirgi ba ya jiran mai faci. In motar ta durƙusa a tsakiyar gonaki ayari ya tashi, da wane ido zai dubi tsohuwar nan? Ta riga ta raba tukwanenta, ta yafe wa kowa, har da waɗanda ba su yi mata komai ba.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya sake zaro tub ɗin, ya shimfiɗa a ƙasa yana kallonsa kamar mai ta'aziyya. Matarsa Raliya ta zo wucewa da ƙwaryar tsaki, ta tsaya.

"Malam, wanga faci naka duk wuri guda kaka yin shi? Ko wandon makaho ya fi shi tsari."

Ya buɗe baki zai ce ta je ta ji da kajinta, sai ya duba. Haka ne kuwa: faci kan faci, duk a cure wuri ɗaya. Tun da gefe ɗaya yake buɗewa, tayar ba ta taɓa juyawa daga mazauninta ba. Ashe ɓarawon a cikin ɗaki yake, shi yana ta gadi a ƙofar gida.

Ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin tayar, yana shafawa a hankali. Wani abu ya soke shi a yatsa. Ya ɓanɓaro shi da ƙyar, don an liƙe shi da ƙaro. Tsohuwar laya ce, fatar ta yi baƙi ta yi sulɓi, an ɗaure ta da siririyar wayar tagulla, bakin wayar ya miƙe kamar allura.

Inna na zaune a kan tabarma tana ƙulle garin kuka a tsumma. Mati ya je ya durƙusa a gabanta da layar a tafin hannu.

"Inna, kin san wagga?"

Ta ɗago ta duba, ko gezau. "Ta ubanka ce. Wa ya ce ka fiddo ta?"

"Ke kika sa ta cikin lastik ɗin motar?"

"Awo. Randa ka tai tur'a ka bar shi baki buɗe. A ƙafa ubanka ya ɗaura ta tun daga Sakkwato, ko ƙaya ba ta taɓa sukar shi ba. Na ga arabiyyar taka, motar nan, ba ta da sa'ar hanya, na ce bari in taimake ta."

Raliya ta juya baya, kafaɗunta na rawa, tsaki na zuba ƙasa, kaji suka yi sallah. Mati ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa. Dariya ce ta zo masa, ya yi ta har da hawaye.

"Inna, ai ita ce ke huda min tub kullum."

"To ƙaya ta soke ta?" in ji Inna.

"A'a."

"Ka gani."

Ya liƙa faci na ƙarshe, ya ba tayar iska. Da gari ya waye ya fito ya doke ta da ƙafa, ta amsa masa tam. Aka ɗora kaya, maƙwabta suka cika ƙofar gida da addu'a da sallahu, Inna ta hau gaba ta zauna kamar matar gwamna. A hanya Mati ya tsaya ya leƙa ƙafar nan ya fi a ƙirga, har Inna ta ce in duban taya ya fito yi ya sauke ta ta ƙarasa a ƙafa, ai ta saba.

Suka isa Madani da hantsi, ayari bai ko gama haɗuwa ba. A bakin tasha Mati ya ciro layar daga aljihu. Ya riga ya lanƙwashe bakin wayar, ya sa mata sabon zare. Ya tsuguna a gaban mahaifiyarsa a cikin mutane, ya ɗaura mata a idon sawu.

"Makka ta fito za ta, Inna, ba kasuwar Hajj Abdalla ba. Ki ƙarasa da ita."

Inna ta dubi ƙafarta. Sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗauki ƙullinta.

"Tashi mu tai, Malam," ta ce a hankali, ba da Mati take ba. "Mun daɗe a zangon nan."