Likkafanin Maidaji

Kwana goma sha ɗaya Maidaji yana firjin asibiti a ƙasar Caina kafin takardar binne shi ta fito, ta kuwa fito a makon sabuwar shekarar 'yan Caina. Masu wanka suka ce mu kai likkafani kafin la'asar, in ba haka ba sai wani makon. Ni da Alidu, abokin ɗakin marigayin, muka zaga kasuwar Canaan har ƙafafunmu suka yi sanyi. Kowane shago a garƙame, maigadi sai ce mana yake "meyo", wato babu.

Farin yadi ɗaya ya rage a unguwar Sanyuanli, bandir ɗin Alhaji Tankari na Maraɗi, wanda ya ɗaure zai kai wurin auna kaya a filin jirgin Baiyun. Tankari fa! Mutumin da ke shanya ganyen shayi a taga ya sake dafa shi gobe. Na tsani roƙonsa, amma na durƙusa masa.

"Alhaji, don Allah, ɗan'uwanmu ne."

"In an farke bandir ya zama kwance, Hadi," ya ce mini. "Ku haɗa zannuwan gado mana."

Alidu ya fashe da kuka. Sai da muka yi kusan awa muna magiya ya yarda, da sharaɗin shi zai auna, kada a wuce da ko taƙi ɗaya. To gawa tana asibiti, da me za a auna? Alidu ya share hawaye ya dube shi.

"Alhaji, tsawonku ɗaya da shi."

Don tsoron kada mu cuce shi, Tankari ya shimfiɗa yadin a ƙasa, ya cire hula, ya miƙe a kai. Alidu ya ja gefen dama ya rufa masa, ya ja na hagu, ya lulluɓe har fuska, ya kama saman kai inda ake ɗaurewa. Muna kallon yadin yana hawa yana sauka a kan hancinsa.

Ya daɗe bai motsa ba. Da muka buɗe shi gemunsa ya jiƙe sharkaf.

"Ya matse," ya ce. "Ku ƙara masa."

Alidu ya ƙara kamu biyu ya yanka. Na sunkuya zan naɗe sauran, Tankari ya riƙe mini hannu.

"Kai shi masallaci, Hadi, a ajiye wa duk wanda ya faɗi a garin nan. In ni ne, kada ku durƙusa wa kowa."