Hoton Inna a Injin Taliya

Da ruwan damina bai sami kafa a rufin ɗakin Alhaji Boyi ba, da injin taliyar Tasalla, matar ɗansa, bai ga abin da ya gani ba. Ruwan nan ya bi bango, ya shiga akwatin ƙarfen da tsohon ke ajiyar takardunsa, ya jiƙe hoto ɗaya tilo da ake da shi na marigayiya Haulatu, matarsa. Da aka ɗago hoton, kallabi na nan, 'yan kunne na nan, fuska kuwa ta narke ta yi fari fat. Alhaji ya ɗauke shi a hankali. Ya shanya shi a rana, ya mayar cikin akwati. Amma ranar Lahadi ta zo ta same shi zaune a zaure, shi da tun yana saurayi kasuwar Illela ba ta taɓa ci babu shi ba.

Abin ya tsaya wa ɗansa Mukhtar a rai. Mukhtar malamin zane ne a wata sakandare cikin gari, kuma bahago ne. Ya sha ranƙwashi wajen gwaggonninsa kafin ya koyi cin tuwo da hannun dama, amma fensir kam ya ƙi barin hagu har yau. Yana ƙarami ƙwarai Inna Haulatu ta rasu, bai san ta ba sai a hoton nan, wanda ya yi ta kallo har ya haddace shi. Don haka ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce zai dawo masa da fuskarta.

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Muntari, zanen naka na yara za ka yi mini?"

"A'a, Baba. Wanda ko ruwa ya ci shi, a sake buga wani."

Ba da ka ya yi maganar ba. A bangon ɗakinsa akwai wani ɗan hoto da ya tsinta cikin kayan gwanjo a Birnin Ƙonni, irin tarkacen da ake saukewa daga Kwatano. Don gilashin ya saya, ya zo gida hoton ya hana shi sakat. Wani rumbun katako ne a bakin kogi, da shanu suna kiwo, duk an yi su da layuka sirara kamar gashin kai. Akwai sa hannu da fensir a ƙasa. Da ya bincika sunan a waya, ashe wani Ba'amurke ne, malamin makaranta a wani ƙaramin gari, wanda ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa gonaki da hanyoyin yankinsu a kan farantin tagulla. Faranti ɗaya, ya shafa masa tawada, ya matse shi da takarda, ya fitar da hoto iri ɗaya da yawa, mutanen can kuwa suna neman su ruwa a jallo suna ratayewa a gidajensu. Malami kamar ni, in ji Mukhtar a ransa, kuma garinsu kawai ya zana. Tun ranar yake kallon yadda ake aikin a waya, har Tasalla matarsa ta fara cewa an yi mata abokiyar zama a bango.

Yanzu dalili ya samu. Ya samo tagulla mai kaurin takardar kwali, faɗin tafin hannu, wajen wani maƙeri. Ya sayi kakin zuma a hannun wani Bafulatani daga wajen Araba. Ya je Sakkwato ya samo ruwan da ke cin ƙarfe a shagon masu gyaran rediyo, da baƙar tawada a wajen masu buga katin biki. Ya narka kaki ya shafe tagulla, ya ɗauki allurar Tasalla ya soke ta a jikin kara, ya duƙufa yana zane a kan kakin.

Bai so ya zana Inna a sandare kamar yadda mai hoto ya tsayar da ita ba. Ya zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugunne, ƙwarya a gabanta, ludayi a hannunta na dama, tana damun fura tana ɗan murmushi. Kuma ku ji wayon Malam. Ya ji an ce rubutu yana juyawa in an buga, saboda haka ya ɗauko madubin Tasalla ya rubuta sunansa a baibai a ƙasan farantin, harafi bayan harafi, yana fito da harshe. Ya gama ya kira matarsa ta gani, yana ta hura hanci.

Ruwan cin ƙarfe ya yi aikinsa, aka goge kaki, layuka suka fito a jikin tagulla tsaf. Saura matsewa, kuma nan ne aikin ya cije, don kaf Illela babu injin da Ba'amurken nan ke amfani da shi. Mukhtar ya gwada taka farantin da ƙafa, takarda ta fito kamar an goge tukunya da ita. Ya gwada zama a kai, bai ga komai ba sai tawada a wando. Yana cikin wannan wahala idonsa ya sauka a kan injin da ke ɗaure a bencin tsakar gida.

Tasalla taliyar murji take yi, rabin unguwa a wajenta ake saye. Injin nan ta fi ji da shi a kan zinarenta. Ta ga inda idon mijinta ya nufa, ta ajiye rariya.

"Malam, mi kake kallo?"

"Ba komai. Na ga dai ƙarafan nan biyu suna matse ƙullu da kyau."

"Ƙullu suke matsewa, awo. Ƙullu."

Ya yi lallashi, ya yi alkawarin wanke injin da hannunsa, ya kawo mata tsire har sau biyu. Ba tsiren ne ya karya ta ba. Cewa ya yi hoton Inna ne, ita kuwa ta ga yadda surukinta ya rame. Ta ce ta yarda, da sharaɗin ita za ta juya hannun injin, don ba ta amince wa bahago da shi ba.

Kuskurenta ɗaya, bakinta bai riƙe ba. Ta faɗa wa Lubabatu, yayar Mukhtar da ke aure a Ƙonni, Lubabatu ta faɗa wa Alhaji, aka tsayar da cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a zo ganin hoto. Mukhtar kuwa makaranta ta riƙe shi duk makon, bai sami zama ba sai safiyar Juma'ar.

Ya cusa tawada cikin layukan, ya goge fuskar farantin da tsumma, ya ɗora takarda mai ɗan danshi, ya rufa da ƙyallen tsohon bargo. Tasalla ta buɗe bakin injin iyakar buɗewa, ta yi bisimilla, ta juya. Abin ya shige da ƙyar yana ƙara, ya fito ta ƙasa. Mukhtar ya ɗaga takardar a hankali.

Inna ce. Idanun nan, 'yar wushiryar nan, har zanen bakin kallabi. Sunansa ma ya fito daidai, ba a baibai ba. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. Suka buga na biyu, na uku, suka yi ta bugawa, na Baba, na Lubabatu, na sauran 'yan'uwa. Tasalla tana karɓa tana maƙalewa a igiya, a tsakanin taliyar da ta shanya tun da asuba. Tana maƙala na ƙarshe ta tsaya, ta karkata kai.

"Malam, da wane hannu Inna ke damu?"

Ya duba. Ludayi na hagu.

Mutumin da ya yini da madubi saboda haruffan sunansa, bai taɓa kawowa a ransa cewa hannun mutum ma juyawa zai yi ba. Ya shiga ɗaki ya harari hoton Ba'amurke, kamar shi ya yi masa laifi. To ina ruwan saniya da dama ko hagu? Rumbu ma duk inda ka juya shi rumbu ne. Shi kuwa ya ɗauki uwarsa, matar da ake ambato da mutunci, ya sa ta tana dama abin da mutane za su sha da hannun hagu, kuma ba a takarda ɗaya ba. Tagulla ta riga ta ciwu, ba a gogewa, ba shi da wata, ga ladan ya fara kira.

A masallaci Allah kaɗai ya san abin da ya ji na huɗuba. Ya yanke shawara zai riga kowa zuwa gida ya kwashe hotunan, ya ce aiki bai yi ba. Gara a ce masa ya kasa da ya ƙara wa tsohon nan ciwo. Sai dai wani uban ɗalibi ya tare shi a bakin hanya da doguwar gaisuwa, Alhaji kuwa ɗan kabukabu ya ɗauko shi a babur. Ko da Mukhtar ya shigo da gudu-gudu, ya tarar da mahaifinsa tsaye a tsakar gida, taliya na lilo a kafaɗarsa, ya ciro hoto ɗaya ya kai shi dab da tabarau. Lubabatu na gefe ta rufe baki da mayafi, Tasalla ta laɓe bayan turmi.

Mukhtar ya durƙusa. "Baba, a yi mini aikin gafara. Kuskure ne. Injin ne ke juya abu, ni kuma..."

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Wa ya gaya maka?"

"Ya gaya mini mi, Baba?"

"Lubabatu, ke ce?"

"Ni ban san komai ba, Baba."

Sai tsohon ya fara dariya, irin wadda ke girgiza kafaɗa, har ya nemi benci ya zauna kusa da injin. Ya cire tabarau ya share ido da bakin riga.

"Haka take damu," ya ce. "Bahaguwa ce innarku. Iyayenta sun dake ta tana ƙarama har ta iya ɓoyewa, ko gwaggonninku ba su sani ba. In an yi baƙi ta koma hannun dama, furar ta fito duk gudaji, in sha in yi shiru. In mu biyu ne kuwa sai ta sauya hannu, ta ce in kau da kai. Ban taɓa shan fura irin tata ba." Ya sake duban takardar. "Wancan da ruwa ya ci, mai hoto ne ya tsayar da ita kamar soja. Wagga ita ce matata."

Mukhtar ya dubi hannunsa na hagu, tawada ta yi baƙi a ƙarƙashin farcen. Shekara da shekaru yana jin kunyarsa a gaban mutane, ashe gado ne. Hawaye suka zo masa, ga dariya kuma tana neman ƙwacewa.

Tasalla ta fito daga bayan turmi tana gyara ɗaurin zane. "To Baba, a san dai injina ne ya san asirin, ba Malam ba."

"Allah shi yi wa injinki albarka," in ji Alhaji. Ya sa hoton cikin aljihun gaba, sai kuma ya fasa, ya ciro shi don kada ya lanƙwashe. Ya nuna farantin tagulla da haɓa. "Muntari, wanga ƙarfen, ka ce ko nawa aka so yana bugawa?"

"Ko nawa, Baba."

"To ka ƙara mini ɗaya. Guda a ɗaki, guda a shago."

Ranar Lahadi da sassafe aka ga Alhaji Boyi ya buɗe shagonsa a kasuwa, yana neman ƙusa.