Kwanar Hagu

Auta maƙaryaci ne, kuma malalaci. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, amma ƙarya ba ta yi masa nauyi a baki in dai za ta raba shi da wahala.

Mahaifinsa tsohon direban babbar mota ne, ciwon suga ya cinye masa ido. Abin da ya rage wa tsohon a duniya matarsa ce da wata ƙaramar mota. Matar kuwa tana kwance a asibiti, ƙoda ta ƙi aiki, babbar 'yarsu ke jinyarta. Kullum da safe Auta, ƙato da gemunsa, zai riƙe hannun Baba ya sa shi a kujerar gaba, ya kai shi ya wuni a gefen gadon Mama.

Wata safiya suna shan kwanar hagu a bakin layinsu, motar ta yi ƙas-ƙas-ƙas daga ƙasa.

"Tsaya," in ji Baba. "Murɗe sitiyarin duka, ka zagaya a hankali."

Auta ya zagaya. Ƙarar ta dawo. Tsohon ya sauka, ya durƙusa, ya cusa hannu bayan tayar gaba yana lalube. Ya fito da yatsu baƙi ƙirin, ya murza.

"Kan shaf ne, ƙarfen da ke juya taya. Robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga yana ci. In ana tafiya miƙe shiru, in an sha kwana ya yi magana. Yau ɗin nan ka kai wa bakanike ya canja."

"Baba, wannan 'yar ƙarar?"

"Ɗan nan, kafin a haife ka nake jin irinta. Ba tofi ke warkar da ita ba."

Auta ya ajiye shi a asibiti, ya nufi gareji. A hanya ya hango abokansa a inuwar wani shago suna karta. Ya ce bari ya gaisa. Yamma ta same shi a kan bencin.

"An canja?" Baba ya tambaya da ya shiga motar.

"An canja, Baba. Sabo fil."

Daga ranar Auta ya ɗora wa kansa aikin da ya fi zuwa gareji wuya. Ya lura ƙarar ta fi fitowa a kwanar hagu, sai ya daina shan hagu. Inda zai karya hagu sau ɗaya, sai ya wuce, ya yi ta bin dama yana zagaye unguwa, rediyo a ƙure.

Amma makahon direba da jikinsa yake sanin hanya.

"Wannan ba hanyar asibiti ba ce."

"Ana gyaran titi ne, Baba."

"Kullum? To Allah ya yi wa masu gyaran albarka. Rage rediyon nan, ni makaho ne, ba kurma ba."

Kullum Auta yakan ce a ransa gobe zai kai. Goben ba ta zo ba.

Ran nan da hantsi, Baba na laluben takalminsa, wayar Auta ta yi ƙara. Yaya ce, babbar 'yar gidan, daga asibiti.

"Ku taho yanzu. Mama sai kiran Baba take yi. Auta, yanzu na ce."

Babu sauran zagaye. A bakin layi ya karya hagu. Ƙarar ta girma, kamar ana buga ƙarfe da guduma. Baba ya juyo da fuskarsa wajen ɗansa, ya bar ta a nan. 

A babbar mahaɗa, inda ake karyawa hagu a hau titin asibiti, wani abu ya ce ƙwas! Injin ya yi gurnani, motar ta tsaya cak. Auta ya sa giya, ya taka totur, ko motsi. Motoci suka cushe gaba da baya, oda ta ko'ina, babu abin hawan da zai iya ratsawa ya ɗauke su.

"Ba ni hannunka," in ji Baba.

Suka taka da ƙafa. Tsohon na tuntuɓe, takalmi ɗaya ya cire, bai yarda a tsaya ɗauka ba. Yana haki yana cewa, "Ga ni nan, ga ni nan," kamar tana jin sa.

A ƙofar ɗakin suka tarar da Yaya zaune a ƙasa. An riga an ja mayafi an rufe fuskar Mama.

"Ta yi ta tambaya ko ka iso," in ji ta.

Baba ya saki hannun Auta, ya laluba bango har ya kai gadon da kansa.

Bayan an share makoki ya sa aka jawo motar gida, ya aika a kira bakanike. Mutumin ya ɗaga ta da jek, ya kwance taya, ya zare karyayyen shaf, ya sa sabo da robarsa, ya cika giris. Shayin da aka kawo masa bai gama hucewa ba ya ce an gama. Ya zagaya da ita hagu da dama a ƙofar gida, shiru kake ji.

"Shi ke nan aikin?" Baba ya tambaya.

"Shi ke nan, Baba."

Auta na tsaye, ya kasa ɗaga kai. Ya so a zage shi, ko a mare shi. Ba a yi ko ɗaya ba.

Baba ya miƙa wa Yaya makullin motar, ya sa aka sayo masa sanda. Har ya koma ga Allah bai sake ba Auta hannunsa ba.