'Yar Giginyar Ɗakin Ƙasa

A wani dogon bene na haya, a hawan ƙasa, can ƙarshen baranda, akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Iya. Ta yi aiki a gidan waya har ta yi ritaya. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba, domin ɗanta yana aiko mata da duk abin da ta nema daga garin da yake aiki. Amma sai a wuni a kwana ba wanda ya taɓa ƙofarta. Tagarta ɗaya ce, ita ma bangon maƙwabta take kallo.

A hawan sama kuma akwai wata yarinya da ake kira 'Yar Nas, saboda uwarta a asibiti take aiki. Su biyu ne rak a ɗakinsu. Idan ta taso daga makaranta, da makulli rataye a wuyanta, ba ta son buɗe ɗakin da babu kowa. Sai ta zauna a matakala ta yi tagumi tana kallon takalman masu wucewa.

Nan Iya ta same ta wata rana da la'asar.

"Ke 'yar nan, gadin matakalar aka ba ki?"

"A'a, Iya."

"To taso. Ina da aiki, ba ni da ma'aikaci."

A kusurwar ɗakin, kusa da tagar, akwai wata shuka a cikin babbar tukunyar ƙasa. Dangin giginya ce, amma tsawonta bai wuce kafaɗar yarinyar ba. Sandunanta sirara ne kamar gora, sun fito a cunkushe daga gindi ɗaya, kowane ganye kamar hannun da aka ware yatsunsa.

"Ga abokiyar zamana," in ji Iya. "Ba ta gulma, ba ta aron gishiri. Aibinta ɗaya, ba ta son ƙura. Ni kuma bayana ya daina sunkuyo."

Ta miƙa mata wani tsumma mai laushi da kwanon ruwa. Ta nuna mata yadda ake tallabe ganye a tafin hagu, a shafa da dama daga gindi zuwa baki, yatsa bayan yatsa, sannan a juya a goge bayansa.

"Sau nawa ake yi?"

"Kullum. In aka tsallake, ƙura ta toshe mata hanci."

'Yar Nas ta zaro ido. "Tana da hanci?"

"Da me kike zaton take numfashi? Da kunne?"

Daga ranar, ko jakarta ba ta kaiwa sama. Da la'asar ta yi, Iya za ta zare sakata ta bar ƙofa a saye. Yarinyar ta koyi tsoma yatsa cikin ƙasar tukunyar kafin ta ba da ruwa, in da sauran danshi a haƙura. Ta koyi datse bakin ganyen da ya bushe da ɗan almakashi. Da ta ce a fitar da shukar ta sha rana, don tausayin duhun da take ciki, Iya ta riƙe baki.

"Rufa mini asiri! Ƙonewa za ta yi. Wannan irin mu ce, 'yar inuwa."

Tana gogewa, Iya tana zaune a kujerar roba tana tambayarta. Wa aka kora daga aji yau? Malamin lissafin nan har yanzu yana barci a kan tebur? Ranar da wani sabon tsiro ya ɓullo a gefen tukunyar, tsinin nan kamar mashi, Iya ta ce, "Ƙawata, mun yi jika," suka yi ta dariya har tari ya sarƙe tsohuwar.

Ana nan sai wasu sababbin 'yan haya suka tare a benen, suna da yarinya tsararta mai jan keke. 'Yar Nas ba ta taɓa hawa keke ba. Ranar farko ta ce bari ta zagaya sau ɗaya ta dawo, ba ta farga ba sai da duhu ya fara. Washegari ta wuce ta gaban barandar, ta hango ƙofar a saye, ta ce a ranta sai an jima. Haka 'yan kwanaki suka shige. Ranar da ta faɗo daga kan keken, tana kaɗe ƙura daga gwiwarta, sai ta tuna. Hancin shukar!

Ta ruga. Ta yi sallama, shiru. Ta tura ƙofar.

Fitila tana kunne da rana tsaka. Iya tana kwance a ƙasa tsakanin gado da tukunyar, ɗankwalinta ya zame, kofi ya kife a gefenta, shayin da ya zube har ya bushe a kan siminti.

"Iya!"

Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar. Bakinta ya ɗan karkace.

"Ƙawata. Kin zo?"

"Tun yaushe kike nan?"

"Ban jima ba. Hutawa nake yi."

Yarinyar ta fita da gudu tana kiran maigadi. Shi ya ɗaga Iya ya ɗora a gado, ya buga wa Nas waya, ya tafi neman mota. Aka bar su su biyu. 'Yar Nas ta jiƙa mata leɓe da ruwa kamar yadda ta ga uwarta tana yi.

"Iya, ban zo ba. Keke ne..."

"Kin iya?"

"Na fara."

"Madalla. Ɗauko tsumma, in ji motsinki."

Ta ɗauko. Tana goge ganye tana share hawaye da gefen hannu, idon Iya yana bin ta, har aka ji ƙarar mota a waje.

Iya ba ta dawo daga asibiti ba. Nas ce take riƙe da hannunta lokacin da rai ya yi halinsa, ita ce kuma ta zaunar da 'yarta a bakin gado ta faɗa mata a hankali.

Ɗan Iya ya zo, mutum mai furfura a gemu, idonsa ja. Aka kwashe gado da kujeru da tukwane. Da aka zo kan shukar ya tsaya yana kallonta, bai san yadda zai yi da ita ba.

"Baba, a ba ni," in ji 'Yar Nas. "Na san aikinta."

Ya dube ta. "Ke ce ƙawar? Duk wayar da na buga, labarin makarantarku nake sha. Ɗauki, 'yata."

Mai kula da furannin benen ne ya ɗauko tukunyar a kafaɗa yana nishi, ya hau da ita ɗakin su 'Yar Nas, ya dire ta a kusurwar da rana ba ta kaiwa. Yarinyar ta bi ganyen da kallo, ta kasa daurewa.

"Kawu, na yi kwanaki ban goge ta ba. Za ta mutu?"

Ya yi dariya yana share gumi. "Wannan? Ai ba ta da fitina ko kaɗan. Ko sau ɗaya a wata kika goge ta, ta gode."

"Ba kullum ba?"

"Wa ya ce miki kullum? Sai dai in aiki kika rasa."

Ya sauka. Ta ji takunsa yana nisa a matakala har ya ɓace. Ɗakin ya yi tsit, uwarta ba ta taso ba tukuna. Ta tsaya da jiƙaƙƙen tsumma a hannu, ganyen yana ta sheƙi, ko ɗigon ƙura babu. Nan ta gane cewa ba shukar ce take jiran ta kullum da la'asar ba.