Daga Bakin Ƙofa Zuwa Gado

Tun da aka bugo waya daga asibiti cewa yau za a sallamo matarsa da jaririya, maigidan, wani kafinta, ya rasa inda zai sa kansa don murna. Haihuwar fari ce, kuma da aiki aka ciro yarinyar. Likita ya ja kunne kada maijego ta wahala ko kaɗan, kada ɗinkin ya buɗe. Shi kuwa gogan naka ya rantse sai ta tarar da gidan ya koma sabo fil.

Sai ga ikon Allah. Ya buɗe gwangwanin fenti, ya shafe rabin bangon falo, sai ya tuna labule, ya sauke ya jiƙa a baho. Yana cikin wanki ya hango ƙura a jikin fanka, ya haye kujera. Daga can ya ce ai gadon ma yana ƙara, ya je ya kwance shi gaba ɗaya. Kafin rana ta take, babu aiki ɗaya da ya kai ƙarshe, ga gumi, ga fenti har a gemu.

A haka yayarsa ta same shi, yana tsaye da guduma a hannu, ya rasa me zai buga.

"Auta, yaƙi aka yi a gidan nan?"

"Yaya, na shiga uku. Komai jirana yake, kuma sun kusa tasowa."

Ba ta ɓata baki ba. Ta ɗauki filo ta ɗora masa a ƙirji, ta tasa ƙeyarsa har waje.

"Kai ne maijego, wannan 'yarka ce, cikinka da ɗinki. Shigo in gani."

Dariya ta kama shi, amma ya rungume filon ya fara takawa a hankali. Yana taka matattakalar katako ta bakin ƙofa, ta goce, saura ƙiris ya kifa. Dariyar ta ɗauke. Ya tura ƙofar ɗaki, ta ƙi, domin dama sai an banka ta da kafaɗa. Da ya samu ya shiga, ya duba ko'ina, babu inda zai kwantar da filon.

Nan take kansa ya washe. Ya bar fenti da labule inda suke, ya kafa wa matattakala ƙusoshi har ya yi tsalle a kanta. Ya cire ƙyaure, ya kankare gefensa, ya mayar. Ya haɗa gado yana 'yar waƙarsa, yaya na shimfiɗa zanin gado tana tsokanarsa.

Mota na tsayawa ya fita da gudu babu takalmi. Matarsa ta fito a sannu, rungume da yarinyar. Bango mai launi biyu ko kallo bai ishe ta ba. Ta taka matattakala, ta sa gwiwar hannu ta taɓa ƙofa, ƙofa ta buɗe sumul. Ta tsaya tana kallonta, domin tun tana amarya take roƙon a gyara ƙofar nan.

"Wato sai da 'yarka ta zo," ta ce, tana dariya tana dafe ciki. "Zo ka karɓe ta, in zauna."

Ya goge hannuwansa a riga, ya miƙa su ya karɓe ta. Yarinyar ta fi filon ɗumi nesa ba kusa ba.