Rubutun Bahago

Ni na kawo takardar. Fom ne na auna aikin malamai, shafi ɗaya, tambaya goma: malami yana zuwa a kan lokaci, ana gane bayaninsa, da makamantansu. Ɗalibi ya zaɓi maki daga ɗaya zuwa biyar. A ƙasa na bar layi shida don ya rubuta abin da ke ransa. Babu gurbin suna, babu na lamba. Na ga ana yin haka a inda na yi karatu, na kai shawarar gaban majalisar tsangayarmu a jami'a, aka amince don a rabu da ni. Tun daga nan abokan aiki suke ce mini Dakta Fom.

Na fara da 'yan shekarar ƙarshe na sashenmu, a darasin gwajin ingancin ruwan sha. Su goma sha huɗu ne. Mai darasin shi ne Farfesa, shugaban sashe, abokin marigayi mahaifina. Shi ya tsaya aka ɗauke ni aiki, kuma ko a taron ma'aikata "ɗana" yake ce mini.

Da na raba takardun kowa ya tsaya yana kallon na kusa da shi. Wani daga kujerar baya ya ɗaga hannu. Bahago suke ce masa, don da hagu yake rubutu. Ya girmi duk ajin, ni ma kaɗan na ba shi. Malamin kimiyya ne a wata sakandare, yana da mata da 'ya'ya uku. An ba shi hutun karatu na shekara huɗu, wannan ce ta huɗun, kuma ba a ƙarawa. Ya tambaya ko da gaske babu wanda zai san abin da mutum ya rubuta.

"Babu," na ce. "Za a buga sharhin a kwamfuta, ni kuma in ƙona asalin. Na yi muku alkawari."

Wata ɗaliba ta ce in haka ne a ƙaro mata takarda, ɗaya ba za ta ishe ta ba. Aka yi dariya. Ita ta fara miƙo tata, layi shidan babu ko ɗigo.

A ofis na karanta su. Goma sha uku sun ba da huɗu da biyar, wasu sun ƙara da addu'ar Allah ya ja kwanan Farfesa. Takarda ɗaya ce ta cika layukan har ta gangara gefen shafi. Cikin ladabi aka rubuta ta. Ta ce tun da aka shiga zango ba a buɗe ɗakin gwaji ba. A aji ake sa hannu a rajistar ɗakin, sakamakon gwaji kuma daga littafin 'yan bara ake kwafa. Ta ce nan da shekara ɗaya su ne za su riƙa tabbatar wa mutane cewa ruwan rijiyarsu na shayuwa, alhali ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

Na zuba takardun a ambulan, na kai wurin sakatariyar sashe, wadda kowa ke ce wa Anti. Na ce ta buga sharhin kawai ta dawo mini da takardun. Ta ce to, Dakta. Na tafi taron bita na kwana uku.

Abin da ban tambaya ba shi ne yadda Anti take aiki. Shekara ashirin da shida tana kan wannan tebur, ba ta taɓa buga takardar da ba ta shiga fayil ba, shugaban sashe ya gani ya rubuta "a buga" ya sa hannu. Da na dawo na nemi ambulan, ta ce ai fayil ɗin yana wurin Oga. Ta ga fuskata, ta cire tabarau.

"Dakta, kai ka ce a buga. Ya zan buga ba sa hannu?"

Na tarar da Farfesa fayil ɗin na buɗe a gabansa, takardar nan a sama. Shekara huɗu yana duba jarrabawar ajin. Haruffan sun kwanta baya, tawada ta ɗan goge inda gefen hannu ya bi ta kai. Bai ambaci kowa ba. Ya ce aikina yana kyau, suna ƙaruwa, ya tambayi gwiwar mahaifiyata. Ya miƙo mini fayil ɗin da hannu biyu.

Bayan mako uku ɗalibai suka miƙa littattafan gwaji. Duk goma sha huɗun lambobi iri ɗaya ne, na 'yan bara. Guda ɗaya Farfesa ya zare, ya haɗa da littafin da aka kwafa, ya aika wa kwamitin ladabtarwa a matsayin satar amsa. Hukuncin wannan laifi dakatarwa ce ta shekara guda.

Bahago ya zo ofishina da takardar gayyatar kwamiti. Bai zauna ba. Na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba, na ce laifina ne. Na ce zan tsaya gaban kwamiti in faɗi cewa ajin duka ya kwafa, kuma ba su da zaɓi. Ya ce in na yi haka yara goma sha uku zan jawo, wasunsu ya isa ya haife su. Ya ce in bar su.

"Da ka ce mini ba ka da tabbas, Dakta, da duk da haka na rubuta," in ji shi. "Sai dai da na rubuta da hannun dama."

A gida na ba mahaifiyata labari. Tana zaune a kujerar ƙofar kicin, ta miƙe ƙafar da ke ciwo a kan bokiti. Ta ce in bar maganar takarda da doka, in je gidan Farfesa a matsayin ɗa, in durƙusa. Na je. Matarsa ta kawo mini ruwa da lemo, ya nuna mini hoton da suka ɗauka da mahaifina suna samari. Da na kawo maganar ya ce shi ma abin ya dame shi, mutumin mai iyali ne, amma magana ta bar hannunsa.

Kwamitin ya zauna a ƙaramin ɗakin taro, fanka ɗaya ce ke aiki. Na nemi a ji ni, aka ba ni minti biyar. Ban ambaci sauran ɗaliban ba. Na ce ba a buɗe ɗakin gwaji ba duk zangon. Shugaban kwamiti ya buɗe rajistar ɗakin ya juyo mini da ita: mako goma sha biyu, kowane mako sa hannu goma sha huɗu, har da na Bahago. Aka kira ɗalibai biyu, ɗayarsu mai neman ƙarin takarda ce. Idonsu a ƙasa suka ce sun yi gwaji. Shugaban ya tambaye ni ko ina da wata hujja. Takardar na cikin jakata. In na fito da ita, na tabbatar a rubuce cewa shi ya rubuta, kuma a cikinta ya amsa cewa ya kwafa. Na ce babu.

Aka tambayi Bahago ko lambobin nasa ne. Ya ce ba nasa ba ne. Aka tambaye shi ko akwai wanda suka yi tare. Ya ce littafinsa ne a gabansu.

An dakatar da shi shekara guda. Ya rubuta wa hukumar makarantarsu yana neman ƙarin hutu, amsa ta zo cikin kwana tara: ya koma aji ranar da za a buɗe makaranta, ko a cike gurbinsa. Darasi biyu da aikin bincike suka rage masa.

Ya zo da takardar janyewa daga karatu, mai gurbin sa hannu bakwai. Nawa ne na huɗu, a matsayin mai ba ajinsu shawara. Na ce ya jinkirta, zan ɗaukaka ƙara zuwa majalisar jami'a. Ya tambayi yaushe za su zauna. Na ce ban sani ba, wataƙila bayan wata huɗu. Ya ce makaranta ranar Litinin za a buɗe, kuma an riga an ba shi aji uku.

Na sa hannu. Ya duba ya ga ban sa kwanan wata ba, ya nuna mini wurin, na sa. Ya yi mini godiya, ya tambaye ni ko ofishin laburare, inda za a sa masa hannu na gaba, a sama yake ko a ƙasa, na ce a sama. Ya fita.